Wankin ciwo da tabarau a fuska: jinyar wani yaro mai ƙuna a Zariya

Yaron ɗan shekara 14 ne, yana koyon gyaran janareta a wani shago a Sabon Gari. Cikin hunturu abin ya same shi. Yana ƙara fetur a injin da ke kunne, wuta ta tashi ta kama hannun rigarsa, rigar kuwa irin mai narkewar nan ce, ta manne a fata. Ƙunar ta ci hannunsa na dama tun daga kafaɗa har tsintsiyar hannu, ta bi gefen ƙirji, ta ɗan taɓa cinya. Fuska da yatsu Allah ya kiyaye. Likita ya yi lissafi da tafin hannun yaron, wanda idan an haɗa da yatsu ake ɗaukar sa kashi 1 cikin 100 na fatar jiki, ya samu ƙunar ta kai wajen kashi 13. Yawancinta ta tsaya a tsakiyar kaurin fata, amma a lanƙwasar gwiwar hannu ta nutsa sosai.

Ni malamar jinya ce, ina cikin waɗanda suka riƙa wanke masa ciwon. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan kama sunan asibitin ba.

Kafin a kawo mana shi an riga an fasa masa ɗanyen ƙwai, an bi da ƙullun koko. Waɗanda suka yi haka ƙaunarsa suke yi, abin da suka taso suka gani ke nan. Sai dai ƙwai da ƙullu, da baƙin mai, da man goge baki, ba ɗayansu da ke fitar da zafin wuta daga nama. Ƙwayoyin cuta suke shigarwa, su kuma bar wa mai wanki aikin kankara. Abin da ƙuna ke so da farko ruwa ne mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi har minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a shekara, kusan kashi biyu bisa uku a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Mu a Zariya mun san lokacinta. Da sanyi ya kankama sai ka ga yaran da suka faɗa ruwan zafi, da matan da zani ya kama a bakin murhu, da masu jin ɗumi, ga kuma fetur ɗin da ake ajiyewa a jarka cikin ɗaki.

An yi masa ƙarin ruwa, an yi allurar tetanos, ana lura da fitsarinsa. Wannan ɓangaren ya tafi yadda ake so.

Inda jinyar ta cije

Wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin wankin ƙuna ba zai zaci ranar da wuta ta kama mutum ita ce mafi zafi. Masu ƙuna da yawa ba haka suke faɗa ba. Idan wuta ta cinye saman fata ta bar ƙasanta, bakin jijiyoyin da ke jin zafi ne ke zama a buɗe, ko iska ta taɓa su sai mutum ya ji. Ƙunar da ta cinye fata gaba ɗaya ma takan fi sauƙin zugi a tsakiyarta, don jijiyoyin sun mutu. Ta wannan yaron mafi yawanta irin ta farkon ce.

Akwai zugin da ke tare da marar lafiya dare da rana, wannan magani yana iya masa. Akwai kuma zafin wanki, shi ne dodo. Za a warware bandeji. Audugar da ke ƙasa ta sha ruwan ciwo ta bushe ta manne, sai an jiƙa ta da ruwan gishirin asibiti, a jira, a ɗaga ta kaɗan-kaɗan. Sannan a cire matacciyar fata, a wanke, a shafa man ƙuna mai sinadarin azurfa ko zuma, a sake naɗewa. Gobe ko jibi a maimaita. Bayan mu kuma ga likitan gashi, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, yana jiran ya miƙar da hannun.

Ana ba shi farasitamol, ana yi masa allurar fentazosin kafin wanki. Duk da haka, idan muka nuna masa ma'aunin nan mai fuskoki, daga sifili zuwa 10, kullum 9 yake nunawa, wata rana 10. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ko a ƙasashen da mofin, maganin zafi mai ƙarfi, ke wadace, masu ƙuna da yawa suna cewa zafin wanki yana kai musu maƙura, saboda ba a iya ƙara maganin yadda aka ga dama: yana danne numfashi, yana kawo amai da taurin bayan gida, jiki kuma yana sabawa da shi. A wajenmu ga ƙarin matsala biyu. Magani mai ƙarfi ba kullum ake samun sa ba, idan an samu ma dangi ne ke biya. Sai kuma tsoro. Tun kafin gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, iyaye a Arewa sun ga abin da ƙwaya ke yi wa matasa. Mahaifin yaron ya ja ni gefe ya ce, “Malama, ina tsoron kada ya saba da allurar nan. Kin san halin da yaran unguwa ke ciki.” Na yi masa bayanin cewa maganin da likita ya auna don ciwo na zahiri daban yake da shaye-shaye, ya saurara, amma na ga hankalinsa bai gama kwanciya ba.

A makon farko sai an danne yaron ake wankin. Kawunsa ya riƙe ƙafafu, wani ma'aikaci ya riƙe kafaɗa. Kawun yana ta cewa, “Haba, kai fa namiji ne, daure mana.” Mahaifiyar takan fita ta tsaya a baranda ta toshe kunne. Da ya ji ƙarar tayoyin kurar da muke turo kayan wanki a kai, jikinsa zai ɗauki rawa, ya fara roƙo: “Anti, don Allah ki bari sai gobe.” Ba ya barci a daren da ya san za a yi wanki da safe, ba ya kuma karyawa.

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Mun saba ɗaukar wannan kukan a matsayin abin da za a yi haƙuri da shi har ya wuce, alhali yana cin jinyar kanta. Yaron da ke fizge-fizge ba a iya wanke masa ciwo yadda ya kamata, dole mai wanki ta gaggauta, abin da aka bari kuwa shi ke zama mugunya. Yaron da ba ya cin abinci fatarsa ba ta tsirowa da wuri, mai ƙuna kuma yana buƙatar ƙwai da wake da nama da madara fiye da mai lafiya. Mafi muni, ya naɗe hannun ya manna a ƙirji, ko taɓawa ba ya bari a yi. Yadda ya fi masa daɗi ya ajiye hannun, haka tabon zai ja ya ƙage shi. Duk wanda ke yawo a garin nan ya taɓa ganin mutumin da gwiwar hannunsa ta ɗaure ko haɓarsa ta manne da ƙirji saboda tsohuwar ƙuna. Hannun dama ne, na yaro mai koyon aikin hannu.

Asalin dabarar

Likitan gashinmu, wani matashi mai yawan karatu, shi ya kawo maganar tabaran nan na fasahar VR, wanda idan ka sa shi yake rufe maka ido ruf, ka ga kanka cikin wata duniya da kwamfuta ta zana, duk inda ka juya kai ita kake gani.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1996 wasu masana biyu a Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka, Hunter Hoffman da David Patterson, suka fara gwada shi a cibiyar masu ƙuna ta asibitin Harborview. Rahotonsu na farko ya fito a 2000, a kan samari biyu ne kawai. Ɗayansu ɗan shekara 16 ne da fetur ya ƙona wa ƙafa, ana cire masa ƙananan ƙarafan da aka kama dashen fata da su. An bar shi ya yi wasan bidiyo na Nintendo a wani ɓangare na aikin, a wani ɓangaren aka sa masa tabarau. Zafin da ya ce ya ji cikin tabarau ya yi ƙasa ƙwarai da na lokacin wasan bidiyo. Abin da ya gani a ciki ma ba don masu ƙuna aka yi shi ba, wani ɗakin girki ne mai gizo-gizo da aka tsara don masu tsoron gizo-gizo. Daga baya suka ƙera SnowWorld musamman don wannan aikin: marar lafiya yana shawagi cikin kwazazzabon ƙanƙara, yana jifan mutum-mutumin ƙanƙara da tsuntsayen fengwin da curin dusar ƙanƙara. Da gangan suka zaɓi sanyi ga wanda wuta ta ci.

Dalilin da suka bayar mai sauƙin ganewa ne. Zafi ba saƙo ba ne kawai da ke tashi daga fata ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya taso. Tun 1965 wasu masana, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa akwai inda ake rage saƙon ko a ƙara shi a kan hanya, kuma ƙwaƙwalwa na da hannu a ciki. Kafin zafi ya cika zafi sai ya samu hankalin mutum, hankali kuwa yana da iyaka. Kamar ƙofar zaure ce, idan mutane sun cika ta suna shiga, wanda ke baya sai dai ya raɓa. Tabarau yana cika ido da kunne da hannu da aiki, ya kuma ɓoye wa marar lafiya ciwon da almakashin da yake kallo. A 2004 su Hoffman suka sa masu lafiya cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna ɗora musu zafi a ƙafa, aka ga sassa biyar na ƙwaƙwalwa masu aikin jin zafi sun rage motsi lokacin da suke cikin tabarau. Wato ba kara ce ta sa suke cewa sun ji sauƙi ba. A 2007 kuma suka nuna cewa haɗa tabarau da magani mai ƙarfi ya fi maganin shi kaɗai.

Bincike uku ne suka fi kama da halinmu, su likitan gashin ya kawo wa babban likita. Na farko a asibitin yara na Shriners da ke Galveston a Teksas, an buga shi a 2019: yara 48 masu ƙuna mai faɗi, yawancinsu daga ƙasashen Latin Amurka. Matsakaicin zafi mafi tsanani lokacin wanki ya sauko daga 8.5 zuwa 5.1 a ma'aunin 10. Na biyu a jihar Ohayo ta Amurka, 2021, yara 90, da wayar hannu aka yi amfani. Waɗanda suka yi wasan da suke taɓa wani abu a ciki sun faɗi zafin da bai fi kusan rabin na waɗanda aka yi wa jinya yadda aka saba ba, sun kuma fi masu kallo kawai samun sauƙi. Na uku a nahiyarmu aka yi shi, a asibitin Tygerberg na Afirka ta Kudu, 2010, da na'ura mai araha, a kan manya 11 lokacin gashi. Shi wannan bambancin da aka samu bai kai a kafa hujja da shi ba. Na ji daɗin da ya kawo na ukun bai ɓoye shi ba, don shi ya hana mu ɗora wa abin burin da ya fi ƙarfinsa.

Babban likita ya amince bisa sharaɗi ɗaya: ba za a rage ko ƙwayar magani ɗaya ba saboda tabarau.

Yadda aka yi

Da mahaifin aka fara. Likitan gashin ya ce, “Baba, kafin mu sa wa yaro, ku fara gani da idonku.” Dattijon ya zauna a kujerar gefen gado, ya cire hula ya ɗora a cinya, aka ɗaura masa. Abin da muke da shi a lokacin ƙaramin akwatin roba ne da ake zura waya a ciki, an saukar da bidiyon ƙarƙashin teku mai zagaye ko'ina. Ya ɗaga kai sama, ya duba ƙasa, sai ya kai hannu ya damƙe ƙarfen gado. “Ikon Allah,” ya ce, “ruwa ne har bisa kaina.” Da aka cire ya yi tambaya biyu. Ko akwai abin da bai dace yaro ya gani ba a ciki, da kuma ko zai taɓa masa ido. Aka nuna masa duk abin da ke cikin wayar. Aka gaya masa abin da aka fi sani shi ne jiri da tashin zuciya da gajiyar ido, suna wucewa idan an cire, kuma ba za a wuce minti 20 ba a zama ɗaya. Ya ce a gwada.

Yaron ne ya ƙi. Wannan bai zo mana a lissafi ba, amma da ya faɗi dalilinsa sai kowa ya ga gaskiyarsa. “Anti, in kun rufe min ido ta yaya zan san lokacin da za ki ja?” Mako guda ana danne shi, yanzu kuma a ce a ɗaure masa fuska. Sai muka yi yarjejeniya da shi. Zai fara sa tabarau da yamma, lokacin da ba wanki, don ya san ba tarko ba ne. Ranar wanki ba wanda zai riƙe shi, mahaifiyarsa ce kaɗai za ta zauna ta dafa ƙafarsa. Zan gaya masa kafin in taɓa kowane wuri. Idan ya ɗaga hannun hagu, zan tsaya cak. Na gaya masa, “Ɗana, in na karya wannan alkawarin, ka cire tabarau ka ajiye, ba wanda zai ce maka don me.”

Don mu san ko abin yana aiki, likitan gashin ya ce mu bi tsarin masu binciken: a raba wankin biyu, rabi da tabarau, rabi babu, gobe a juya wanda aka fara da shi, a tambaye shi ma'auni bayan kowane rabi.

Da bidiyon teku sauƙin kaɗan ne. Yakan bi kifi da kai, amma da na kai ga audugar da ta manne sai kifin ya fita daga ransa, ya sandare, ya ɗaga hannu. Yakan nuna 7, wani lokaci 8. Duk da haka an yi wankin ba tare da an danne shi ba, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Canjin gaske ya zo ne da wani ɗalibin kwamfuta daga Samaru, abokin likitan gashin, ya ba mu aron wani tabarau mai suna Meta Quest 2, wanda ba ya buƙatar waya, yana da abin riƙewa a hannu. Aka zaɓi wasa marar gudu, wanda ake yi a zaune da hannu ɗaya, ana harbin wasu balan-balan masu tasowa ana tara maki. Safiyar da aka fara da shi ina tuna ta sarai. Na jiƙa audugar da ke gefen ƙirji, wurin da ya fi tsana, na ce, “Zan ɗaga ta ƙirji yanzu.” Ya ce, “To,” bai juyo ba. Na ɗaga. Cikinsa ya ɗan shige, yatsun ƙafarsa suka lanƙwashe a hannun mahaifiyarsa, ya ja iska ta haƙora, amma hannun hagun yana sama yana ta harbi. Can sai ya ce, “Kai, ya tsere min!” Da balan-balan yake. Mahaifiyar ta dube ni, ni ma na dube ta, ba wadda ta yi magana. Da aka cire tabarau ya nuna 5. Na tambaye shi ko bai ji ba ne, ya ce, “Na ji mana, Anti. Amma kamar daga nesa.”

Rabon wankin biyu bai daɗe ba. Bayan 'yan kwanaki ya ce shi dai a fara da tabarau a gama da tabarau, mu kuma ba mu ga hujjar da za mu sa yaro ya sha zafin da za a iya rage masa don mu cika takarda ba. Aka bar kwatancen.

Ba kullum abin ya yi ba. Akwai ranar da ya tashi da zazzaɓi, audugar hannu ta yi kore-kore tana wari, alamar ƙwayar cuta ta shiga. Ranar ko minti biyu bai yi ba ya fizge tabarau ya yi amai. Sai da aka canza maganin ƙwayoyin cuta, aka kai shi tiyata aka kankare wurin da allurar barci ta ketamin. Irin wannan aikin ba na tabarau ba ne, kuma bai kamata wani ya gwada ba. Akwai safiyar da aka kwana ba wuta, batir ya mutu ana tsakiyar wanki, wannan ya fi a ce ba a fara da shi ba sam, don zafin ya faɗo masa gaba ɗaya ba shiri. Tun daga nan cajin na'urar ya shiga cikin abin da mai aikin dare ke miƙa wa na safe. Gumi yana sa gilashin ya yi hazo. Soson da ke taɓa fuska yana shan gumi, ba ya gogewa, a ɗakin masu ƙuna kuwa wannan hanya ce ta ɗaukar cuta daga gado zuwa gado. Muka sa masa murfin roba mai gogewa, yaron yana sa hular tiyata a ƙasa, ana goge komai da sifirit kafin da bayan amfani, ban da gilashin, wanda ake sharewa da busasshen ƙyalle. Wadda ke wanki ba ta taɓa na'urar, sai wani daban.

Da aka shiga mako na uku, ƙirji da cinya da yawancin hannun sun rufe, amma lanƙwasar gwiwar hannu ta ƙi. Ƙunar da ta kai wannan lokacin ba ta warke ba, dashen fata take so, in ba haka ba tabonta zai yi kauri ya ja. Aka yanko siririyar fata daga cinyarsa ta hagu aka dasa, aka ɗaure hannun a miƙe da filasta na wasu kwanaki. Kamar yadda aka saba gani, inda aka yanko fatar ya fi inda aka dasa ta zugi.

Da dashen ya kama aka koma gashi, a nan ne kuma tabarau ya yi aikinsa na biyu. Miƙar da gaɓar da tabo ke ja ba a yin sa da fizga, a hankali ake ja, a riƙe, a jira naman ya saki. Marar lafiyar da ke tsoro yana ƙanƙame tsoka, sai ya zama kokawa. Da tabarau a fuska likitan gashin yakan ce, “Abokina, ka kai maki nawa?” yana magana yana ƙara miƙewa. An sallame shi hannun yana miƙewa saura ƙiris, yana kai cokali baki, yana ɗaga hannu sama da kai. Abin da ya rage masa ƙaiƙayi ne mai tsanani, da shafa mai, da kare tabon daga rana, da zuwa gashi na watanni, don tabon ƙuna yakan shekara ko fiye bai gama nuna ba.

Me za a jingina wa tabarau, me ba za a jingina masa ba

Yaro ɗaya ne, kuma abubuwa da dama sun canza a lokaci guda. Ciwon yana warkewa, dole zafi ya ragu ko ba tabarau. A cikin kwanakin ne likita ya sake tsarin magani, aka riƙa ba da na sha da sauran wajen rabin awa kafin wanki don ya kama jiki. An daina danne shi. An ba shi ikon cewa a tsaya. Mahaifiyarsa ta dawo daga baranda. Ni a ganina waɗannan ukun na ƙarshe sun yi rabin aikin, kuma ba su ci ko kwabo ba. Amma tabarau ne ya buɗe ƙofar yin su, kuma a kwanakin da muka raba wankin biyu, ciwo ɗaya, magani ɗaya, safiya ɗaya, bambancin a fili yake.

Ba zan ce tabarau ne ya ceci gwiwar hannun ba. Dashe da filasta da gashi ne suka cece ta. A wani bincike na Siyatil da aka buga a 2011 kan yara 54, tabarau ya rage zafin gashi, sauƙin kuma bai dusashe ba duk da an yi ta maimaitawa, amma iyakar miƙewar gaɓa a zaman da aka sa shi bai fi na zaman da ba a sa ba. Abin da na gani a yaronmu shi ne ya daina gudun likitan gashi, yana cin abinci, yana barci.

Ba kowa ne zai iya sa shi ba. Mai ƙuna a fuska ko kai ba za a ɗaura masa ba. A Galveston sai da suka ƙera wani hannun ƙarfe da ke riƙe tabarau kusa da ido ba tare da ya taɓa fata ba, mu ba mu da shi. Mai farfaɗiya, da wanda hankalinsa ya gushe saboda zazzaɓi ko magani, da ƙananan yara waɗanda na'urar ta fi kansu girma, duk a bar su. Abin takaici, ƙananan yaran nan su suka fi yawa a gadajenmu. Akwai kuma wanda ba ya so, shi ma a ƙyale shi. Wata dattijuwa da ke jinyar ƙunar ƙafa a lokacin, da aka yi mata tayi, cewa ta yi, “'Yar nan, bar ni da carbina.” Muka sa mata karatun Alƙur'ani a kunne, tana bi tana ja, mu muna wanki. Ita ma ta samu inda ta kai hankalinta, kuma ta fi mu sanin inda zai zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne kada wani mai riƙe da kasafin asibiti ya karanta irin wannan ya ce an samu madadin magani. Yawancin binciken da na ambata a kan marasa lafiya, tare da magani aka yi shi. Asibitin da ba shi da maganin zafi mai ƙarfi, shi zai fara nema.

Na'urar aro ce, ta koma wajen mai ita. Wasan da ke ciki da Turanci yake, ba don marar lafiya aka yi shi ba, sai da muka tace da yawa kafin mu samu wanda ba gudu, ba faɗa, ba wuta. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da asibitin koyarwa a Shika bai rasa waɗanda za su ƙera namu ba. Abin da ɗakin wanki ke buƙata a bayyane yake: ya yi aiki ba intanet, ya hau wayar da mutane ke da ita, a iya yin sa a kwance da hannu ɗaya ko da juya kai kawai, umarninsa da Hausa ta baki don wanda bai iya karatu ba, ya ɗauki minti 20 bai ƙare ba, kuma kada ya sa marar lafiya zabura. Idan an samu, sai a gwada shi a kan marasa lafiya masu yawa da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, a rubuta ma'aunin zafi, da yawan maganin da aka sha, da tsawon lokacin wanki, da waɗanda suka yi jiri, da waɗanda suka ce ba sa so.